Gashin Ƙashi a Karkara: Lissafin da Kano Za Ta Yi Kafin Ta Sayi Na'ura

Aikin gashin ƙashi ya sha bamban da yawancin ayyukan asibiti ta fuska guda, wadda masu tsara harkar lafiya ba su cika tsayawa a kanta ba: shi magani ne na maimaici. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama yana iya zuwa asibiti sau ɗaya, a gwada jininsa, a rubuta masa magani, ya koma gida ya ƙarasa sha. Wanda aka yi wa aikin ƙaba yakan kwanta 'yan kwanaki, a sallame shi, ya dawo a duba ɗinki, shi ke nan. Amma wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, da manomin da gwiwarsa ta sandare bayan an kwance masa ɗori, kowannensu yana buƙatar a gan shi mako bayan mako, wani lokaci har tsawon watanni ko shekaru, ana duba inda ya kai, ana sauya masa motsa jikin da zai yi. Saboda haka nisan da ke tsakanin gidansa da wurin likita ba sau ɗaya zai biya kuɗinsa ba. Zai biya a kowane zuwa, shi da mai rakiyarsa. Ra'ayina shi ne duk tsarin kai gashin ƙashi karkara da bai faro daga wannan lissafi ba, komai kyawun gininsa da tsadar kayansa, mutanen birni zai ƙare da yi wa aiki.

Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya take dogaro da ita, wadda aka gina a kan alƙaluman 2019, ta nuna cewa mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna fama da wata lalura da aikin farfaɗo da jiki zai amfana, kuma ciwon baya ne a kan gaba. Hukumar ta ce a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici, fiye da rabin masu buƙatar wannan kulawa ba sa samunta. A watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan batun, inda ya nemi ƙasashe su shigar da shi cikin kowane mataki na kiwon lafiya, har da matakin farko.

Kano ba ta cikin jihohin da za a ce ba su da abin farawa. Asibitin Ƙashi na Dala yana aiki tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Murtala da na Nasarawa, sannan Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashin ƙashi. Sai dai duk waɗannan suna cikin birni ne, alhali jihar tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9.4, adadin da aka daɗe da wucewa. A cibiyoyin lafiya na matakin farko, inda mutumin ƙauye yake fara kai kukansa, za a tarar da jami'in lafiyar al'umma, wani lokaci da nas ko ungozoma, amma ba a saba ganin likitan gashin ƙashi cikin ma'aikata ba.

A ɗauki misalin dattijo a wani ƙauye na Doguwa wanda hawan jini ya kayar, hannu da ƙafar dama suka shanye, aka kwantar da shi a birni, aka sallame shi da umarnin ya riƙa dawowa gashi sau biyu a mako. Ranar zuwa, tun da asuba 'ya'yansa biyu za su ciccibo shi daga ɗaki su ɗora shi a babur, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana baya ya rungume shi don kada ya zame, ƙafar da ba ta da ƙarfi an ɗaure ta da rawani don kada ta ja ƙasa ko ta taɓa salansa ta ƙone. A bakin titi za a jira mota, a biya kujera uku domin ba ya iya zama a matse. A tashar Unguwa Uku a ɗauki shatar adaidaita-sahu, a asibiti a ciri kati, a bi layi. Gashin kansa da wuya ya wuce minti arba'in. Kafin su koma gida dare ya yi, an rasa yinin aiki a gona, dattijon kuma ya gaji tilis ta yadda washegari ba zai iya ko ɗaya daga cikin motsin da aka koya masa ba. Iyalin da suka jure wannan na 'yan makonni sun ɗauki Dala ba gammo, amma ranar da suka kasa, abin da za a rubuta a fayil shi ne mara lafiya ya daina zuwa, kamar daga gare shi gazawar take.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne lokacin da ake asara shi ne mafi daraja. Bayan shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan ƙarfin da zai dawo yakan dawo ne a cikin wata uku zuwa shida na farko, kuma idan aka bar mutum kwance a wannan tsakani, gaɓoɓi sukan sandare, kafaɗa ta saki ta fara ciwo, fatar ƙugu da ta diddige ta yi gyambo. Haka murɗaɗɗiyar ƙafar jariri: hanyar Ponseti, wadda duniya ta amince da ita, ita ce a riƙa miƙar da ƙafar a hankali ana sa mata filasta ana sauyawa duk mako, kamar sau biyar zuwa takwas, sai ɗan ƙaramin yanka a agara ga mafi yawan yara, sannan takalmi mai sanda da yaro zai sa kusan dare da rana na wata uku, daga nan sai lokacin barci kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Magani ne mai araha, mai nasara, amma kacokan ya rataya ne a kan ko uwa za ta iya zuwa duk mako.

Ƙasashen da suka daɗe suna fama da irin wannan matsala su ne masu faɗin ƙasa da mutane warwatse, musamman Ostareliya da Kanada. A Ostareliya kimanin mutum miliyan 7, wajen kashi 28 cikin 100 na jama'a, suna zaune ne a karkara da wurare masu nisa, kuma tun 1928 ake kai likita wasu yankunan da jirgin sama. Abu na farko da ya cancanci a ɗauka daga gare su shi ne ba sa yi wa karkara kuɗin goro. Suna da ma'aunin da ake kira na Monash, wanda ya kasa wuraren zama mataki bakwai bisa girman gari da nisansa, daga babban birni zuwa wuri mafi nisa, kuma da shi ake yanke irin tallafin da ma'aikacin lafiya zai samu. Kano ma tana buƙatar nata ma'auni. Mutumin Kura ko Gezawa ko Dawakin Kudu yana iya shigowa birni ya koma a rana guda ba tare da ya jigata ba. Gwarzo da Rano da Gaya da Bichi da Dambatta garuruwa ne masu manyan asibitoci da za su iya zama cibiyar yankinsu. Bayan su akwai ƙauyukan da rafi yake yanke wa hanya da damina, sannan akwai rugagen da ke gefen dajin Falgore waɗanda ko wurin zamansu ba ɗaya ba ne duk shekara. Ma'aunin da zai yi amfani a nan ba kilomita a taswira ba ne. Awa nawa ne da naira nawa za su kai mutumin da ba ya tafiya da ƙafarsa zuwa wurin likita a watan Agusta.

Darasi na biyu ya fi zurfi, kuma ya fito ne daga al'ummomin 'yan asalin ƙasa: Aborijin da mutanen tsibiran Torres a Ostareliya, da Mawori a Niyu Zilan, da al'ummomin farko da Inuwit da Metis a Kanada. Waɗannan mutane ne da baƙi suka zo suka mamaye ƙasarsu, aka raba su da filayensu, a Ostareliya da Kanada har aka riƙa ɗauke yara daga hannun iyayensu da izinin hukuma, don haka asibitin gwamnati a wurin da yawansu ba wuri ba ne da ake shiga da kwanciyar hankali. Har yanzu tsawon ran ɗan Aborijin yana ƙasa da na sauran 'yan ƙasar da kimanin shekara takwas. A 1971 mutanen Aborijin na unguwar Redfern da ke birnin Sidni suka buɗe asibitinsu na kansu, kuma a yau akwai irin waɗannan cibiyoyi fiye da 140 a faɗin ƙasar, kowace tana ƙarƙashin kwamitin da al'ummar wurin ta zaɓa. Maganin da ake bayarwa a ciki maganin asibiti ne kamar ko'ina. Abin da ya sauya shi ne wanda yake yanke shawarar wa za a ɗauka aiki, wace rana za a buɗe, da wace matsala za a fara da ita.

Ba daidai ba ne a ce tarihin Kano ɗaya ne da nasu, domin likitan da zai je ƙauyen Sumaila ɗan ƙasa ne, sau da yawa ma addininsa da harshensa ɗaya da na wanda zai duba. Kamar da ke akwai ita ce ta mutanen da ake zama a ofis a tsara musu abu ba tare da an ji ta bakinsu ba, irin su makiyaya masu ƙaura, da Maguzawan ƙauyuka, da matan da ba sa fita sai da izini. Najeriya ta amince da wannan hujja a fannin ilimi tun 1989 da ta kafa hukumar ilimin makiyaya, kuma hujjar tana nan daram a fannin lafiya. Kano kuma ta ga illar rashin amana da idonta a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna na kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya dawo da aikin bisa hanya har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'in shan inna na asali a 2020 shi ne shigowar sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai, da matan sa-kai masu bi gida-gida, da waɗanda cutar ta naƙasa da suka riƙa tsayawa gaban iyaye suna yi musu bayani. Wannan zare na jama'a yana nan bai tsinke ba, kuma a ganina ɓarna ce a fara tsarin gashin ƙashi daga tushe alhali ga shi.

Wata nas Bamaworiya, Irihapeti Ramsden, ita ce a ƙarshen shekarun 1980 ta kafa ƙa'idar da daga baya aka riƙa koyar da ma'aikatan lafiya a Niyu Zilan da Ostareliya da Kanada, cewa mara lafiya ne, ba ma'aikaci ba, yake da ikon cewa an kula da shi cikin mutunta al'adarsa ko ba a yi ba. A gashin ƙashi wannan ba batun ladabi kawai ba ne, domin yana taɓa sakamakon maganin kansa. Wani bincike da aka wallafa a Ostareliya a 2013 a kan mutanen Aborijin masu daɗaɗɗen ciwon baya ya gano cewa da yawa daga cikin waɗanda suka yi imani bayansu ya lalace, daga bakin ma'aikatan lafiya da bayanin hoton ƙashi suka samo wannan imani. Irin wannan yana faruwa a nan duk lokacin da aka ɗaga hoto sama aka ce wa manomi ƙashin bayansa ya zaizaye, aka tsaya a nan. Zai koma gida yana tsoron sunkuyawa, ya ƙi motsin da shi ne maganinsa. Likitan da ya san aikinsa zai fara da gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da damina, sannan ya ce, "Baba, me ka fi so ka koma yi da kanka?" Amsar takan zo kamar haka: "Likita, ni dai in iya alwala, in shiga bayi ba tare da yaro ya riƙe ni ba, in kai kaina masallaci." Waɗannan su ne maƙasudin da za a rubuta. Yawancin littattafan da aka koyi aikin da su an rubuta su ne don mai zama a kujera da kwana a dogon gado, alhali mutumin da ke gaban likitan a tabarma yake zama, tsugunawa yake yi, yana ruku'u da sujada, matarsa kuma tana daka, tana goyo, tana ɗaukar ruwa a ka.

Tunda likitocin gashin ƙashi a Najeriya dubbai ne kaɗan ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ana ci gaba da rasa wasunsu zuwa ƙasashen waje, maganar sa likita a kowace mazaɓa ba ta taso ba. Tsarin da zai yiwu mai hawa uku ne. A babban asibitin yanki a zaunar da likitoci, aƙalla biyu, ɗaya mace. Daga nan su riƙa fita zuwa cibiyoyin mazaɓu a ranaku sanannu da ba sa sauyawa, su duba sababbin marasa lafiya, su tsara wa kowa abin da zai yi. Tsakanin zuwa da zuwa kuma jami'an lafiyar al'umma, waɗanda aka ba horo na musamman, su riƙa bin gidaje suna duba ko ana yin abin da aka ce. Wannan ba sabon tunani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗa farfaɗo da naƙasassu a cikin al'ummarsu bayan taron duniya kan lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, Najeriya kuma tana da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya tun 2014. Hatsarinsa biyu ne. Na farko, a ɗora wa jami'in da dama can yake rigakafi da awon ciki da rabon magani ƙarin aiki ba tare da ƙarin lokaci ko mai duba shi ba. Na biyu, wanda al'ummomin Ostareliya da Kanada suka daɗe suna kuka da shi, shi ne baƙuwar fuska a kowane zuwa, ta yadda mara lafiya zai sake ba da labarinsa daga farko duk wata. Ayarin duba marasa lafiya kyauta na kwana biyu, irin wanda ake yi da alluna da masu ɗaukar hoto, yana iya amfani ga aikin ido ko cire haƙori, amma ga gashin ƙashi bai wuce gano masu buƙata ba.

Ainihin wurin aikin kuwa shi ne tsakar gida. Turaku huɗu da gora biyu da aka ɗaure daidai ƙugu sun isa mai koyon tafiya ya riƙe ya taka. Tsohon tiyub na keke yana ƙarfafa hannu, buhun yashi ɗan ƙarami yana ƙarfafa cinya, kafintan gari yana iya haɗa kujerar kusurwa da za ta zaunar da yaron da wahalar haihuwa ko shawara ko sanƙarau suka taɓa wa ƙwaƙwalwa, mai walda kuma ya haɗa abin dogarawa mai ƙafa huɗu idan aka ba shi awo. Mai jinya, wadda galibi mata ce ko 'ya ko suruka, ita za a koya wa yadda za ta juya mara lafiya bayan kowace awa biyu, da yadda za ta tashe shi ba tare da ta ja hannun da ya shanye ba, da yadda za ta kare nata bayan. A nan ne nake da ja da yadda ake kashe kuɗi. Da yawa cikin jama'a, har da masu sa hannu a kasafi, ba sa ganin an yi gashi sai an kunna jar fitila ko an liƙa wa mutum wayar lantarki, alhali ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya sun fifita ilimantarwa da motsa jiki, sun kuma hana dogaro da na'urar jan baya da ta girgizar sauti da ta ɗan lantarkin fata. Kuɗin na'ura ɗaya da za ta zauna a lulluɓe saboda rashin wuta zai sayi babur ya zuba masa mai na tsawon lokaci.

Masu ɗori suna ƙauye tun kafin asibiti ya zo, kuma za su ci gaba da zama, domin suna kusa, suna karɓar abin da ya samu, jama'a kuma sun yarda da su. Yaƙi da su ɓata lokaci ne. Illar da ake gani daga wurinsu sananniya ce: ɗaurin kara mai tsauri da ke tare jini har gaɓa ta ruɓe, da daɗewar ɗauri da ke sandarar da gwiwa ko gwiwar hannu. A Habasha an gwada ba su gajeren horo, aka ga raguwar yanke gaɓoɓi ta wannan dalili. Abin da tsari zai nema daga mai ɗori shi ne ya san alamomin da zai kwance ɗauri nan take ya tura asibiti, wato yatsu su kumbura, su yi sanyi, su sauya launi ko su daina ji, ko karaya mai rauni a buɗe, sannan ya riƙa turo wanda ƙashinsa ya haɗu domin a dawo masa da motsi. Haka malamin da ake kai wa mai shanyewar jiki don addu'a. Babu dalilin sa iyali su zaɓi ɗaya su bar ɗaya, matuƙar ba a jinkirta zuwa asibiti ba kuma ana shan maganin hawan jini.

Sha'anin mata yana buƙatar a faɗe shi a fili. Gashin ƙashi aiki ne na taɓa jiki, wani lokaci cinya da ƙugu da ƙirji, kuma mata da yawa za su gwammace su zauna da ciwo a kan namiji ya yi musu, mazajensu ma ba za su bari ba. Cibiyar da ba ta da ma'aikaciya mace da labule da ƙofa mai rufuwa ta rufe wa rabin jama'a hanya tun kafin ta buɗe, kuma a cikin rabin nan akwai masu raunin ƙafa bayan doguwar naƙuda da masu jinyar yoyon fitsari. Jadawali ma haka: ranar kasuwa ita ce ranar da mota take shiga ƙauye, don haka ranar Juma'a a Wudil ko Lahadi a Dambatta ta fi wata Talata da aka zaɓa a ofis. Lokacin shuka da girbi mutane za su ragu, da azumi safiya ta fi. Makiyayi kuwa a ba shi katinsa ya riƙe a hannunsa, da zanen motsin da zai yi, a shiga wurinsa ta hannun arɗo, a kuma samu mai jin Fulatanci wanda ba ƙaramin yaron gidan ba ne.

Zaunar da ma'aikaci a karkara shi ne inda shirye-shirye da yawa suke mutuwa. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta sabunta a 2021, sun nuna cewa ɗalibin da ya tashi a karkara, ya kuma yi wani ɓangare na horonsa a can, shi ya fi komawa ya zauna, kuma a kan wannan tunani aka gina makarantar likitanci ta arewacin Ontariyo a Kanada, wadda ta buɗe a 2005. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta biyu a Jami'ar Bayero bisa yarjejeniyar dawowa ta fi wadda take jiran ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara. Sai gida mai kyau, da alawus da ke zuwa a kan lokaci, da damar ƙarin karatu da ƙarin girma, don kada zaman karkara ya zama hukunci. Waya tana rage kaɗaici: jami'i a ƙauye yana iya ɗaukar bidiyon tafiyar mara lafiya, da izininsa, ya tura wa likita ta WhatsApp. Amma waya ba ta jin taurin gaɓa, kuma inda ake fi buƙatarta nan ne sabis ya fi rauni.

Saura batun wanda zai biya, kuma a nan labarin wani yaro ɗan al'ummomin farko na Kanada ya isa gargaɗi. An haifi Jordan River Anderson a 1999 da lalura mai wuya, likitoci suka ce yana iya barin asibiti a ci gaba da kula da shi a gida, amma gwamnatin tarayya da ta lardin Manitoba suka shafe fiye da shekara biyu suna jayayya kan wadda za ta biya, har ya rasu a asibiti a 2005 yana da shekara biyar. A 2007 majalisar ƙasar ta amince da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, cewa hukumar da aka fara tunkara ta biya, a yi jayayyar daga baya. A nan gida asibitin Dala na tarayya ne, manyan asibitocin yankuna na jiha ne, cibiyoyin mazaɓu kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta matakin farko, don haka likitan da zai tashi daga babban asibiti ya yi aiki a cibiyar mazaɓa ya tsallaka iyakar hukumomi biyu, kuma sai an rubuta tun farko wa zai zuba masa mai. Hanyoyin kuɗi suna nan: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da asusun tallafin lafiya nata. Abin da ake buƙata shi ne gashin ƙashi ya fito da sunansa a cikin abin da waɗannan suke biya, tare da adadin zuwa da kayan taimako. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar irin waɗannan kaya suke samu, alhali a Kano akwai waɗanda shan inna ya naƙasa da suka daɗe suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, kuma gwamnati tana iya sayen nasu maimakon jiran kyautar kujerun da aka yi don daɓen siminti.

Yadda za a auna aikin ma sai an sauya shi. Rahoton da ke cewa an ga mutum kaza a wata ba ya nuna komai a maganin maimaici, domin mutum ɗari da kowanne ya zo sau ɗaya sun fi mutum goma da suka kammala yawa a takarda. Rajistar kowace cibiya ta nuna ƙauyen da mara lafiya ya fito, da kwana nawa tsakanin faruwar lalurar da ganinsa na farko, da abin da ya ce yana so ya koma yi, da ko ya kai ga hakan bayan wata uku, da sunayen waɗanda suka daina zuwa tare da dalilin da aka ji daga bakinsu bayan an bi su gida. Wannan rajista kuma kada ta tafi ma'aikatar lafiya kai tsaye sai an karanta ta a gaban kwamitin raya mazaɓa, wanda ya kamata a ce yana da mace da wakilin makiyaya da mai lalurar naƙasa a cikinsa, kuma yana da ikon sauya ranar zuwan likita ko wurin da zai sauka idan alƙaluman suka nuna wani yanki ba ya zuwa.